Sawun Mai Bin Sawu

Ranar Litinin da safe aka wayi gari takardar jarrabawar shiga makarantar kimiyya tana yawo a wayoyin yara. Hotuna ne guda shida, an ɗauke su daga fuskar wata na'ura, tambaya ta ɗaya har ta ashirin. Ita kuwa takardar wuri biyu kaɗai ta taɓa zuwa: ofishin shugaban makarantar da ya tsara ta, da maɗaba'ar da aka ba aikin buga ta.

Kafin ƙarfe goma shugaban ya kira Manajan maɗaba'a ya wanke shi tas. Ya ce an ɗage jarrabawa zuwa Alhamis da sababbin tambayoyi. Ya kuma ce ya samu labarin cewa 'yar sakatariyar maɗaba'ar tana cikin masu zana jarrabawar, don haka ya cire sunanta. In an wanke uwar kafin ƙarfe tara na safiyar Alhamis, yarinya ta zauna. In ba a wanke ta ba, shi ke nan, domin baɗi shekarunta sun haura.

Ma'aikata kuwa ba su jira bincike ba. Tun a bakin injin yanka takarda aka yanke hukunci. Wa ke karɓar imel ɗin makarantu? Anti sakatariya. 'Yar wa za ta zana jarrabawa? 'Yar Anti. To, ruwa ba ya tsami banza. Mutanen da Antin ta yi shekara ashirin da biyu tana rubuta musu takardar neman hutu, su ne suka riƙa yin shiru in ta gifta.

Sai Manaja ya aika a kira Mai Bin Sawu.

Sunan ya gada ne. Mahaifinsa sawun ɓarayin dabbobi yake bi a ƙasa, shi kuma ya tashi yana bin sawun mutane a cikin na'ura: wa ya buɗe me, yaushe, daga ina. Yakan ce aikin ɗaya ne, sai dai shi ba ya taka ƙaya. Ya ba hamsin baya, yana da furfura a gemu da jakar baya wadda zif ɗinta ya mutu, kuma yana da girman kai irin na mutumin da bai saba kuskure ba. Shi ne ya kafa wa maɗaba'ar sabarta shekara shida da suka wuce, wato na'urar nan da ke ɗakin bayan ofis, wadda duk wasiƙar da ta shigo ko ta fita sai ta bi ta cikinta.

Manaja ya tare shi a tsaye. Ɗan marigayi mai maɗaba'ar ne, ya gaji kujerar uban amma bai gaji haƙurinsa ba.

"Malam, kwana uku gare ka. Ni dai na san wadda ta yi, shaida kawai nake so." Ya dubi ƙofar ɗakin baya. "Ko za ka fara duba sabar? Kar a ce ta can aka shigo."

Mai Bin Sawu ya yi murmushi. "Ranka ya daɗe, da hannuna na kafa ta. Babu ƙofa a jikinta da ban san da ita ba. Ɓarawo mutum ne, a cikin mutane zan neme shi."

Wannan maganar ita ce daga baya ta hana shi sukuni, amma a lokacin daɗinta ya ji a bakinsa.

Anti tana zaune a teburinta, hannu biyu a kan cinya. An hana ta taɓa kwamfuta. A gabanta akwai tarin makullai a zobe ɗaya, da kofin shayi da ya huce.

"Yaushe tambayoyin suka shigo, Anti?"

"Litinin waccan. Na buɗe, na tura wa Gajere mai tsara shafuka, na rufe."

"Kin karanta?"

"Na ga kanun, na san mene ne, na kau da ido. Shekara goma sha ɗaya muna buga musu jarrabawa, Malam. Ko a gida ban taɓa cewa ga makarantar da muke wa aiki ba."

"Amma bana 'yarki na ciki."

Ta ɗago ta dube shi. "Shi ya sa na gaya wa Manaja tun watan jiya a ba wani ya karɓi wasiƙar. Ya ce wa zai ba, ai ni ce amintacciya." Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Yau ga amintacciyar."

Ya wuni a kan kwamfutarta. Bai ga ta tura wa kowa ba sai Gajere, bai ga ta kwafa ba, bai ga ta buga ba. Ya ce a ransa, mai wayo ce, da waya ta ɗauki hoton. Haka mutum yake in ya riga ya zaɓi mai laifi: rashin shaida ma shaida yake zama masa.

Talata ya juya kan Gajere, mai tsara shafuka. Dogo ne har sai ya sunkuya a ƙofar ɗakinsa, sunan tsokana ne ya bi shi tun yana koyon aiki. Yana magana yana cin gyaɗa.

"Ni? Malam, ni lissafi ko a makaranta gudunsa nake. In na saci jarrabawar lissafi in kai wa wa? Matata?"

"An ce ka yi rigima da Manaja."

"Kowa ya yi rigima da Manaja. Injin nan ma ya yi rigima da shi." Ya karkaɗe ɓawon gyaɗa daga rigarsa. "Amma ka ji in gaya maka, in Anti ce ta yi wannan, to ni ma ban yarda da kaina ba."

Kwamfutar Gajere ma fes take. Wayarsa kuwa tsohuwa ce mai maɓallai, hotonta ko fuskar mutum ba ya fitarwa.

Laraba ya je gidan Anti. Ɗaki biyu ne a saman wani shagon ɗinki, matakala ƙunci, an jera takalma a ƙofa. Yarinyar tana zaune a ƙasa da littattafai kewaye da ita, tana karatu kamar ba ta san an cire sunanta ba. Ya nemi ganin littafin da take gwaji a ciki. A shafi na kusa da ƙarshe ya ga tambaya ta huɗu, kalma da kalma, da rubutun hannunta.

Ya ce a ransa ya kama sawu.

"A ina kika samo wannan?"

"Ƙawata ce ta turo min ranar Lahadi, Kawu. Ta ce in gwada. Ban san ta jarrabawa ba ce." Idonta ya cika. "Na ma kasa ta."

Ya duba wayar, ya ga gaskiya ne, ƙawar ce ta turo. Amma ya ɗauki hoton shafin ya sa a jaka, Anti tana tsaye tana kallonsa. Ba ta roƙe shi ba. Da zai fita ta ce, "Gobe ƙarfe tara ne, Malam." Ya ce ya sani. Da ya sauka ya kira Manaja ya ce akwai alama, amma ba ta kai a kafa hujja da ita ba. Manaja ya ji "akwai alama", sauran bai ji ba.

Alhamis ƙarfe tara ta yi masa a ɗakin taron maɗaba'a, ya baje hotunan shida a kan tebur kusa da takardar da makaranta ta aiko. Yana dubawa ne kawai don ya rubuta rahoton cewa bai samu komai ba. Ƙarfe goma ta wuce. Wajen sha ɗaya idonsa ya tsaya a kan tambaya ta tara.

A takardar makaranta zanen da ke ƙarƙashin tambayar da'ira ce guda. A hoton da ya yi yawo shafin ya fito sau biyu: ɗaya da da'ira guda, ɗaya da da'ira biyu a haɗe.

Ya kira Gajere. "Wannan zanen na biyu daga ina?"

"Ni na gyara shi. Shugaban makaranta ya kira ni a waya ya ce zanen bai yi daidai ba, na sake, na tura masa ya gani."

"Ta hannun Anti?"

"Ina! Kai tsaye, daga akwatin imel ɗina zuwa nasa. Ranar ma Anti ta kai mahaifiyarta asibiti."

Mai Bin Sawu ya zauna a hankali. Shafi ɗaya ya shigo ta akwatin Anti. Ɗayan ya fita ta akwatin Gajere, Anti ba ta taɓa ganinsa ba. Hoton na biyu kuma yana ɗauke da kan wasiƙa, ba daga allon aikin Gajere aka ɗauke shi ba. Wanda ya ɗauki hotunan nan yana ganin abin da ke shigowa, yana kuma ganin abin da ke fita, na kowa da kowa. A duk maɗaba'ar babu mai wannan ido.

Sai ya tuna.

Ya shiga ɗakin saba. Ɗan ƙaramin ɗaki ne mai ƙarar fanka da warin ƙura. Ya buɗe fayil ɗin saitin wasiƙu, ya gangara ƙasa. Ga su nan, layi biyu. Na farko yana cewa duk wasiƙar da ta shigo a kwafa ta zuwa wani akwati. Na biyu yana cewa duk wadda ta fita ma a kwafa ta can. A samansu akwai 'yar tunatarwa da ya rubuta wa kansa: na wata uku ne, a cire in Baba ya dawo.

Baba, mai maɗaba'ar, shi ya roƙe shi shekara shida da suka wuce, lokacin da za a kwantar da shi asibiti. Ya ce ba zai iya kwanciya bai san me ke shiga da fita a gidansa ba. Mai Bin Sawu ya rubuta layukan cikin minti biyar, ya haɗa akwatin da wata kwamfutar hannu mai faɗi, ya kai masa har gadon asibiti. Baba bai dawo ba. Mai Bin Sawu ya je gaisuwa, ya ga kwamfutar a kan tebur a falo, ya ce a ransa ba yau ba, ba a maganar na'ura a gidan rasuwa. Daga nan wani aiki ya zo, wani ya biyo shi.

Mahaifinsa yana da wata ɗabi'a. Kafin ya shiga garken da aka yi sata, sai ya cire takalminsa ya nuna wa jama'a tafinsa, ya taka ƙasa sau ɗaya a gefe, ya ce, "Wannan nawa ne, ku shaida." Yakan ce mai bin sawun da bai san sawun kansa ba zai wuni yana zagaye. Tun yana yaro yake ganin wannan, har yana ba abokai labari yana alfahari. Laifi tudu ne, ya taka nasa kwana uku yana hango na Anti.

Ya duba agogo. Sha ɗaya da rabi. Yanzu yara suna miƙa takardunsu.

Babu kowa a ɗakin. In ya goge layi biyun nan, ba wanda zai taɓa sani. Ya iya cewa wani ne ya shigo daga waje, kuma za a yarda, domin shi ne masani. Ya daɗe yatsansa a kan maɓalli. Sannan ya janye hannun, ya buɗe rajistar da sabar ke rubuta duk wanda ya leƙa akwati. Akwatin Baba ana buɗe shi ranakun Litinin, Laraba da Asabar, tsakanin huɗu da biyar na yamma, daga gidan marigayin.

Hajiya, matar marigayin, ta karɓe shi da fara'a. Kwamfutar tana nan a kan teburin falo, a kan ɗan ƙyalle mai ado, tana caji. Gilashinta ya tsage a kusurwar dama. Irin tsagar nan ya gani a gefen hotuna uku, ya ɗauka ƙazantar kyamara ce.

Suna gaisawa ta yi ƙara, ƙil. Hajiya ta yi murmushi.

"Ka ji ta? Haka take wuni. Ni ba karantawa nake ba, idon ma babu. Amma in ta yi ƙarar nan sai in ji kamar yana ɗaki yana aikinsa. Shekara shida ban bar ta ta mutu ba."

"Hajiya, akwai mai taɓa ta?"

"Babu. Sai malamin lesin jikokina, ƙanin matar Manaja. Yana nuna musu lissafi da ita. Yaron kirki ne."

"Wace rana yake zuwa?"

"Litinin, Laraba, Asabar. Lafiya dai ko?"

Ya ce lafiya. Ƙarya ce, kuma ta ga alama a fuskarsa.

Ƙarfe huɗu aka taru a ɗakin taro: Manaja a kan tebur, Gajere a jingine da bango, Anti a kujerar ƙarshe da jakarta a cinya, sai malamin lesin da Manaja ya kira bai gaya masa dalili ba. Malamin mutum ne mai tsabta, da biro uku a aljihu. Ma'aikata sun cika bakin ƙofa.

Mai Bin Sawu ya miƙe. Bai fara da kowa ba.

"Kafin in nuna sawun wani, ga nawa." Ya ɗora takardar da ya bugo layukan biyu a kanta. Ya faɗi yadda Baba ya roƙe shi, da yadda ya manta, da yadda shekara shida duk wasiƙar da kowa a ɗakin nan ya aika ko ya karɓa take sauka a falon Hajiya. "Ranar Litinin Manaja ya ce in duba sabar, na ce babu ƙofa. Akwai ƙofa. Ni na fasa ta, ni na bar ta a buɗe."

Gajere ya daina tauna.

Sannan ya jera shafuka biyun na tambaya ta tara, ya nuna tsagar gilashi, ya karanta ranaku da lokuta. Bai kai ƙarshe ba malamin lesin ya fara goge gumi.

"Ni ban fasa komai ba," in ji shi. "A buɗe na same ta. Wasiƙa ce ta faɗo ina riƙe da ita, na ga sunan makarantar. Ɗalibaina huɗu kawai na ba, don ajin lesina ya yi suna. Ban ce su tura wa kowa ba, wallahi."

"Kana ji ana cewa Anti ce," in ji Gajere, "kwana huɗu, ka yi shiru?"



Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Manajan da ya yi kwana uku yana tsawa sai muryarsa ta yi laushi. Ya ce wannan magana ce ta cikin gida, za a zauna a kanta. Ya ce a rufe ƙofa. Ya juya wajen Anti yana murmushin dole.

"To Anti, Allah ya wanke ki. Gobe ki dawo bakin aikinki. Zan kira shugaban makarantar yanzu."

Ya kira, a gaban kowa. An ji muryar shugaban tana fitowa daga wayar: ya yi baƙin ciki, zai rubuta takardar ban haƙuri, amma an zana jarrabawa an gama, ba a sake ta don mutum ɗaya.

Anti ta buɗe jakarta, ta fito da zoben makullan, ta ajiye a kan tebur a hankali, kamar mai gudun kar su yi ƙara.

"Tun ƙarfe bakwai 'yata ta sa kayanta," ta ce. "Ta feƙe fensir uku. Ta zauna a matakala tana jiran wayata ta yi ƙara. Sai da tara ta wuce da rabi ta tashi ta cire takalmi." Ta dubi Manaja. "Shekara ashirin da biyu na yi a gidan nan, ranka ya daɗe. Safiya ɗaya ta ishe ku ku san ko ni wace ce."

Ta miƙe. Mutanen bakin ƙofa suka dare, ba wanda ya iya haɗa ido da ita. Mai Bin Sawu ya bi ta har bakin titi.

"Anti, ki yafe min."

Ta tsaya, ba ta juyo duka ba. "Malam, da ka duba na'urar nan ranar Litinin, minti nawa zai ɗauke ka?"

Ya so ya ce abin ba sauƙi ba ne. Ya so ya ce sai an bi a hankali.

"Biyar," ya ce.

Ta gyaɗa kai. "Na gode da ka faɗi gaskiya." Ta tsallaka titi.

Ya koma ɗakin saba. Da na sani ƙeya ce, kuma yau ya ji nauyinta. Ya goge layin farko, ya goge na biyu, ya goge 'yar tunatarwar da ke samansu. Aikin bai kai minti ɗaya ba.

Washegari da hantsi wayarsa ta yi ƙara. Hajiya ce.

"Malam, kwamfutar Baba ta yi shiru tun jiya. Na duba caji, lafiya lau. Ko za ka zo ka gyara min ita?"



"Hajiya, ba lalacewa ta yi ba," ya ce. "Zan zo in yi miki bayani. Amma sai na fara zuwa wani gida tukuna."

Ya ɗauki jakarsa mai mataccen zif ya nufi shagon ɗinkin nan. Bai san me zai ce wa yarinyar ba. A ƙasan matakala ya tsaya, ya cire takalminsa, sannan ya fara hawa.